Wa Ya Fara Faɗa, Kuma Yaushe? Tantance Tarihi Kafin a Kai Shi Gaban Jama'a

Akwai wani jawabi da ya shekara da shekaru yana yawo a Facebook da WhatsApp, ana jingina shi ga Baturen nan Lord Macaulay. Wai ya miƙe a zauren majalisar dokokin Birtaniya ranar 2 ga Fabrairun 1835, ya ce ya karaɗe ƙasar lungu da saƙo bai ga mabaraci ko ɓarawo ba, kuma mutane masu irin wannan arziki da tarbiyya ba za su mallaku ba sai an rushe ilminsu da al'adunsu. A wani kwafin Indiya ake nufi, a wani kuma an goge Indiya an rubuta Afirka. To, a ranar da aka ambata Macaulay ba ya Landan. Yana Kalkata, don ya tafi Indiya tun 1834, bai koma gida ba sai 1838. Abin da ya sa wa hannu a wannan rana takardar shawara ce kan tsarin ilmi, tana nan har yau ga mai son karantawa, kuma babu yabo a cikinta. A nan ne ya ce kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi adabin Indiya da na ƙasar Larabawa baki ɗaya daraja. Duk mai neman hujjar yadda 'yan mulkin mallaka suka raina ilmin mutanen da suka mamaye, ga ta nan da sa hannun mai ita. Amma sai aka bar ta, aka rungumi jawabin da kwanan wata kaɗai ya isa ya rusa shi. Idan kuwa ya rushe, yakan tafi da mutuncin maganar gaskiyar da aka so karewa da shi.

Jama'a na da ƙishirwar tarihi, kuma mafi yawansu ba a jami'a za su sha shi ba. A jarida za su karanta, ko su ji a rediyo, ko su kalla a bidiyon minti biyu. Saboda haka nauyin da ke kan mai rubuta tarihi don kafar yaɗa labarai ya fi yadda shi kansa yake zato, ga shi kuma aikinsa ya sha bamban da na maƙwabtansa biyu. Ɗan jaridar da ke bin diddigin labarin yau zai iya ɗaga waya ya kira wanda aka ce ya yi magana. Shi kuwa mai tarihi, shaidunsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Malamin jami'a yana da shafuka ɗaruruwa, yana da wurin jera madogara a ƙasan kowane shafi, ya ce wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa. Marubucin jarida kalma 800 aka ba shi, babu wurin jera komai. Ke nan duk abin da malamin jami'a ke zubawa a ƙasan shafi, shi dole ya cusa shi cikin jimlar kanta, ta yadda mai karatu zai gane wace magana ce tabbatacciya, wace ce ruwaya, wace ce kuma hasashen marubuci. A ganina gwanintar wannan sana'a a nan take, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane labarin tarihi ita ce: wa ya fara faɗarsa, kuma shekara nawa ke tsakaninsa da abin da ya faru? Labarai biyu za su nuna amfanin wannan tambaya, kuma da gangan na haɗa su. Na farko shi ne cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya umarci Amru ɗan Asi ya ƙona babban ɗakin karatu na Iskandariya bayan cin Masar a wajejen 642, har aka yi wata shida ana hura wutar gidajen wanka da littattafai. Idan aka bi sawun labarin, ba a samunsa sai a ƙarni na 13, a wajen Abdullaɗif al-Bagdadi da Ibn al-Ƙifɗi, kusan shekara 600 bayan aukuwar abin. Yohanna na Nikiyu, limamin Kibɗawa da ya rayu a ƙarnin da aka ci Masar, wanda kuma bai ɓoye ɓacin ransa game da mamayar ba, bai ambaci ƙona littattafai ba. Sannan malamin da labarin ya ce shi ya roƙi Amru littattafan, Yahaya an-Nahwi, ya mutu shekaru da dama kafin Musulmi su shiga Masar. Tun ƙarni na 18 masanin tarihi ɗan Birtaniya Edward Gibbon ya nuna shakkarsa, kuma masana a yau sun yi watsi da labarin.

Musulmi zai ji daɗin wannan sakamako. To ga na biyu: Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙona jiragen ruwansa bayan ya tsallaka zuwa Andalus a 711, don kada mayaƙansa su yi tunanin ja da baya. Labari ne mai motsa zuciya, an koyar da shi a makarantu, an yi wa'azi da shi. Amma Ibn Abdil Hakam, wanda ya rasu a 871 kuma yana cikin na farkon da suka rubuta tarihin wannan yaƙi, bai kawo shi ba. Sai a ƙarni na 12 ake ganinsa a littafin al-Idrisi, fiye da shekara 400 bayan yaƙin. Ruwayoyin farko ma suna nuna jiragen na Yuliyan ne, mai mulkin birnin Sabta da ke gaɓar arewacin Afirka, ba mallakar Ɗariƙu ba, kuma an ci gaba da tsallako da ƙarin mayaƙa bayan isarsa. Ma'aunin da ya kayar da labarin Iskandariya shi ne ya raunana wannan. Marubucin da ya karɓi hukuncin farko ya ƙi na biyu, ba tantancewa yake yi ba, zaɓe yake yi. Labarin da ke ɓata wa mutum rai ba ya bukatar a tuna masa ya bincika, da kansa zai tashi neman hujja. Wanda ke faranta masa rai shi ne ke shigewa ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba.

Wannan hanya ta bin sawun magana ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma malaman ba su tsaya ga jera sunayen maruwaita ba, sun yi aiki da shekarun haihuwa da rasuwa don gane ko wane ya riski wane. An kawo wa wazirin halifa a Bagadaza wata takarda da aka ce Manzon Allah (SAW) ne ya bayar da ita yana ɗauke wa mutanen Haibara jiziya. Da aka nuna wa Haɗib al-Bagdadi, sai ya dubi sunayen shaidu. Akwai Mu'awiya, wanda bai musulunta ba sai shekarar buɗe Makka, bayan Haibara. Akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu shekara biyu kafin Haibara. Nan take takardar ta faɗi. Da irin wannan dabara masani ɗan Italiya Lorenzo Valla ya tona asirin takardar da aka ce Sarki Constantine ya mallaka wa Fafaroma ƙasashen yammacin daularsa: a 1440 ya nuna cewa lafazinta da muƙaman da ta ambata ba na zamanin Constantine ba ne.

Sai dai sanin wanda ya faɗa rabin aiki ne. Ɗabari da kansa ya gargaɗi masu karatu a gabatarwar babban littafinsa na tarihi cewa shi yana kawo abin da aka ruwaito masa ne, in an ga abin ƙi, daga maruwaita yake. Ke nan cewa "yana cikin Ɗabari" bai zama hujja ba tukuna, ko da yake sau da yawa haka ake rufe bakin mai tambaya. Ibn Haldun ne ya cike ɗaya rabin a Muƙaddimarsa ta 1377, inda ya ce a auna labarin kansa da yadda rayuwar al'umma ke gudana. Ya ɗauki adadin mayaƙa 600,000 da al-Mas'udi da wasu suka ba Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS), ya tambaya: wace ƙasa ce za ta ciyar da su, wane fili ne zai ɗauke su a jere? Daular Farisa da duk girmanta, in ji shi, mutum 120,000 ta tara a Ƙadisiyya. Ya kuma lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, ciki har da son kai ga wani ra'ayi, da yarda da maruwaici fiye da kima, da neman shiga wajen masu mulki ta hanyar yabo. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tsufa.

Zamanin intanet ya ƙaro wata matsala, wato yawan majiya na bogi. Marubuci ya ga magana a shafuka goma, sai hankalinsa ya kwanta, alhali guga goma ne daga rijiya ɗaya. A Fabrairun 2009, da aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus, wani ya ƙara masa sunan Wilhelm cikin jerin sunayensa masu yawa a Wikipedia. Manyan jaridun ƙasar suka kwafa. Da masu gyaran Wikipedia suka cire sunan don babu madogara, sai aka mayar da shi, aka kafa hujja da jaridun da suka kwafa daga can. A 2022 kuma aka gano wata mata ta shafe kusan shekara goma tana ƙirƙiro tarihin Rasha na tsakiyar zamani a Wikipedia ta harshen Sin, maƙaloli sama da 200, da yaƙoƙi da sarakuna da madogarai na ƙarya da ke tallafa wa juna. Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda kan ba mutum sunan littafi da marubuci da lambar shafi, alhali littafin bai taɓa wanzuwa ba. Maganin duka ɗaya ne, kuma babu gajerar hanya a cikinsa: a buɗe littafin da aka ambata, a je shafin, a gani da ido ko maganar tana nan, kuma ko haka aka faɗe ta.

Alƙaluma sun fi komai saurin yaudara, domin lamba tana da kamannin tabbas. Hajjin Mansa Musa na Mali a 1324 ya ishe mu misali. Kusan duk maƙalar da aka rubuta a kansa tana ɗauke da abu uku: dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, ya tafi da mutum 60,000, kuma zinariyar da ya rabar ta durƙusar da tattalin arzikin Masar. Dala biliyan 400 ɗin daga wani shafin intanet mai lissafin dukiyar fitattun mutane, Celebrity Net Worth, ta fito a 2012. Babu wani kundin baitulmalin Mali da aka yi lissafin da shi, kuma babu sahihiyar hanyar mayar da ikon sarkin ƙarni na 14 zuwa dalar yau. Mutum 60,000 kuwa daga Tarihus Sudan na as-Sa'adi ne, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, shekara 300 da ɗoriya bayan tafiyar, kuma ɗan'uwansa Tarihul Fattash cewa ya yi 8,000. Majiyar da ta fi kusa da lamarin ita ce al-Umari, wanda ya zanta da mutanen Alƙahira da suka yi hulɗa da sarkin, kimanin shekara 12 bayan wucewarsa. Shi ya ce kafin zuwan Mansa Musa miskalin zinariya ba ya yin ƙasa da dirhami 25, bayan nan kuwa ba ya wuce 22. Faɗuwar kusan kashi 12 cikin 100 ke nan da ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Abin mamaki ne ƙwarai a ce ayari ɗaya ya yi wa kasuwar babban birni haka, amma ba durƙushewa ba ce. Majiyoyin Masar sun kuma ruwaito cewa a hanyar dawowa guzurin sarkin ya ƙare har sai da ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar Alƙahira. Ni dai ina ganin wannan labarin ya fi na dala biliyan 400 daɗi, don a cikinsa ana ganin mutum, da kyautarsa da kuma inda lissafinsa ya kuskure.

Shekaru ma haka suke. Mai karatu ya ga an rubuta cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a 999, sai ya ɗauka wani ne ya rubuta hakan a lokacin. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, daga nan aka yi lissafi da baya-baya aka fitar da shekarun. Kuskuren shekara biyu a nan, uku a can, idan ya taru a kan sarakuna 48, zai iya kai mutum nesa. Shi ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau take da zamani biyu a littattafai: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu ruwayoyin kuma suka kai ta ƙarni na 16. Marubucin da ya rubuta mata shekarar haihuwa da ta rasuwa kai tsaye, ba tare da ya nuna akwai saɓani ba, ya ba mai karatu tabbacin da babu shi. Ga kuma bambancin kalanda: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma juyin juya halin Rasha da ake kira na Oktoba, a kalandar yau ranar 7 ga Nuwamban 1917 ya auku.

Batun hoto ba ya bukatar dogon bayani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai 1839, don haka duk wani hoton kyamara da aka ce nasa ne, na wani ne. Zanen Mansa Musa riƙe da dunƙulen zinariya daga wata taswira yake da aka yi a tsibirin Mayorka a 1375, bayan rasuwarsa, kuma mai zanen bai taɓa ganinsa ba. Ba laifi a yi amfani da zane, laifin shi ne a ƙi rubuta a ƙarƙashinsa cewa zane ne, na wane zamani. Hoton gaske ma ana taɓa shi tun kafin kwamfuta: an goge Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki na Tarayyar Sobiyat, daga gefen Stalin bayan an kashe Yezhov ɗin.

To idan takarda ce ta asali a hannu, ga kuma masani ya sa albarka fa? Abin da ya sami mujallar Stern ta Jamus ya kamata kowane edita ya san shi. A Afrilun 1983 ta shelanta cewa ta samo kundayen sirri na Hitler, kimanin 60, waɗanda ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin, a kansu. Masana rubutun hannu sun ce nasa ne. Fitaccen masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya duba ya amince, jaridar Sunday Times ta Landan ta fara bugawa. Cikin mako biyu ma'adanar takardun gwamnatin Jamus ta gano cewa takardar tana ɗauke da sinadarin da ba a fara amfani da shi ba sai bayan yaƙi, zaren ɗinkin ma na zamani ne, kuma an kwafo abubuwa da yawa daga wani littafin jawaban Hitler da aka riga aka buga, har da kurakuransa. Wani ɗan damfara, Konrad Kujau, shi ne ya rubuta su da hannunsa. Abin lura shi ne yadda aka kai ga haka. Wasu daga cikin rubuce-rubucen da aka ba masana su gwada da su, su ma Kujau ne ya ƙirƙire su, ke nan an auna jabu da jabu. Tsoron kada wata jarida ta riga su ya sa aka ɓoye lamarin ga mutanen da za su iya tona shi, aka jinkirta cikakken gwajin takarda da tawada. Kuɗin da aka riga aka zuba ya sa babu mai son jin shakka. Trevor-Roper ya fara ja da baya kafin a buga, amma injin ya riga ya tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi ƙarancin ilmi. Gaggawa ce, da sirri, da kwaɗayin zama na farko, kuma ana samunsu a ƙaramin ɗakin labarai kamar yadda ake samunsu a babba.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da aka rubuta shi kaɗai ne tarihi. Takarda tana da mai ita, kuma mai ita yana da abin da yake so a sani da wanda yake so a manta. Shekaru da dama ana ce wa tsofaffin Kenya da suka ba da labarin azabar da aka yi musu a sansanonin tsare 'yan Mau Mau, masu tawaye ga mulkin mallaka, babu takardun da ke gaskata su. Sai a 2011, da shari'a ta matsa, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli daga tsofaffin yankunan mulkin mallaka 37 a wata cibiyarta mai suna Hanslope Park a Ingila, ban da waɗanda aka ƙona gab da ba da 'yanci. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, kan ƙarar mutum 5,228. Bakin tsofaffin nan ya riga takarda faɗin gaskiya. Ruwayar baka majiya ce mai daraja, kuma masanin tarihin Afirka Jan Vansina ya shafe rayuwarsa yana nuna yadda ake aiki da ita. Sai dai ita ma ana yi mata tambayoyin da ake yi wa takarda: wa ke ba da ita, daga wa ya ji, a gaban wa yake faɗa, me gidansu zai samu idan aka yarda? Takan riƙe sunaye da dangantaka da kyau, amma takan haɗe zamunna, ta ɗora aikin sarakuna uku a kan guda ɗaya da ya fi suna.

Akwai wani mataki da ya fi duk waɗannan wuya. Maƙala tana iya kasancewa kowane suna da kowace shekara a cikinta daidai ne, amma jimlar da ta ɗaure su ta zarce abin da hujja ta ba da dama. Kalmomin "saboda", "shi ya sa", "na farko", "duk", "babu wanda", su ne wuraren da ya kamata mai tantancewa ya fi tsayawa. A Agustan 2019 mujallar New York Times ta fitar da wani babban aiki kan tarihin bauta a Amurka mai suna 1619, aikin da ya buɗe wa mutane da yawa ido. A cikinsa akwai jimlar da ta ce kare bauta yana cikin manyan dalilan da suka sa Turawan Amurka neman 'yanci daga Birtaniya. Masaniyar tarihi Leslie Harris ta bayyana daga baya cewa an tuntuɓe ta lokacin tantancewa, ta ce maganar ta yi faɗi, amma aka buga ta haka. A Maris na 2020 aka gyara ta koma "wasu daga cikinsu". Kalmomi kaɗan ne, amma masu adawa da aikin gaba ɗaya sun riga sun sami abin riƙewa. Wannan ya nuna cewa ajiye mai tantancewa bai wadatar ba idan ba shi da ikon tsayar da jimla. Kuma bai kamata ya zama shi ne marubucin ba, don ido ba ya ganin kuskuren da ya riga ya saba da shi. Inda babu halin ɗaukar ma'aikaci na musamman, abokin aiki ya karɓi rubutun tare da madogaran kowace magana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suna da shekara da lamba da duk abin da aka sa cikin alamar zance.

Editoci sukan ce irin wannan taka-tsantsan yana kashe armashin labari, mai karatu ba ya son "wataƙila". Akwai gaskiya a ciki, idan marubuci ya cika kowace jimla da kame-kame. Amma Hausa tana da kayan aikin da ke ɗaukar wannan nauyi ba tare da labari ya yi sanyi ba. "Al-Umari ya ruwaito" daban yake da "an ce", "an ce" daban yake da "wai", kuma dukansu daban suke da magana kai tsaye. Jimla guda kamar "labarin ƙona jiragen bai bayyana ba sai bayan shekara 400" ba ta rage wa Ɗariƙu komai, ta ma ƙara wa mai karatu wani labarin, na yadda al'umma ke gina gwarzonta. Abin da bai halatta ba shi ne a sa wa mutumin tarihi magana a baki, ko a faɗi abin da ke ransa a daren yaƙi, ko a ce hadari ya haɗu a ranar alhali babu majiyar da ta faɗa. Wanda ke son yin haka, fagen ƙagaggen labari a buɗe yake, sai ya rubuta a sama cewa ƙagagge ne. Kanun labari ma yana cikin abin tantancewa, domin sau da yawa wani ne daban ke rubuta shi, kuma mafi yawan mutane shi kaɗai za su gani. Idan cikin maƙala an ce masana sun yi saɓani, kanu kuma ya yanke hukunci, to hukuncin ne zai yaɗu.

Duk da haka kuskure zai shiga, ko a gidan da ya fi kowa tsanani. Mujallar Der Spiegel ta Jamus tana da ɗaya daga cikin manyan sassan tantancewa a duniya, amma a Disambar 2018 ta gano cewa ɗan jaridarta Claas Relotius ya daɗe yana ƙirƙiro mutane da hirarraki, kuma ita da kanta ta fallasa abin ta kafa kwamitin bincike. A rubutun intanet, gyara yana nufin a canja jimlar, sannan a rubuta a fili me aka canja da ranar da aka canja, ba a goge a yi shiru ba. Rediyo da bidiyo sun fi wuya, don abin da aka ji an ji, kuma guntun da aka yanka aka tura a waya ba ya dawowa. A nan sai a faɗi gyaran a shiri na gaba, a daidai lokacin da masu sauraron farko ke saurare, a sauke bidiyon da ke da kuskuren, a ɗora gyararre tare da bayanin dalili, a kuma tura shi ta duk hanyoyin da aka bi aka tura na farkon.